Yadda aka tallata aikina a jaridar Lahadi

A Amurka akwai wata ƙa'ida da ko 'yan ƙasar ba kowa ne ya san da ita ba: kafin kamfani ya nema wa baƙon ma'aikacinsa katin zama na dindindin, sai ya tallata aikin da baƙon yake yi, sannan ya tabbatar wa Ma'aikatar Ƙwadago cewa ya nemi ɗan ƙasa wanda zai iya aikin bai samu ba. Ni injiniya ne mai aikin ruwan sha da magudanan ruwa. A Zariya na yi digirina na farko, na yi na biyu a jihar Ohio, kuma tun 2019 nake aiki da wani ƙaramin kamfanin injiniyoyi a arewa maso gabashin jihar. Na bi wannan hanya daki-daki, na kuma tarar cewa gardamar da 'yan siyasa suke yi a talabijin, kan ko baƙi suna ƙwace ayyukan Amurkawa ko suna bunƙasa tattalin arziki, tana nan a rubuce cikin kusan kowane fom da ya ratsa ta hannuna.

Ɗalibin da ya gama karatu da bizar ɗalibai yana da izinin yin aiki na wata 12 a fannin da ya karanta, izinin da ake kira OPT, idan kuma fannin nasa kimiyya ne ko fasaha ko injiniyanci ko lissafi, ana iya ƙara masa wata 24. Sharaɗin ƙarin shi ne kamfanin ya kasance yana cikin E-Verify, tsarin gwamnati na tantance izinin ma'aikata, ya kuma rubuta irin horon da zai ba ɗalibin. A shekarar farko ba a yarda mutum ya zauna ba aiki fiye da kwana 90 ba. Wannan mataki bai ba ni wahala ba. Amfaninsa na gaskiya shi ne yana ba mutum dama ya shiga ƙuri'ar bizar H-1B, wato bizar aiki ta ƙwararrun ma'aikata baƙi, kafin wa'adinsa ya cika.

Majalisar dokokin Amurka ta ƙirƙiro wannan biza a dokar shige da fice ta 1990, ta kuma ƙayyade ta ga mutum 65,000 a shekara. A 2004 aka ƙara guraben 20,000 ga waɗanda suka yi digiri na biyu ko na uku a jami'o'in ƙasar. In ban da wasu 'yan shekaru a wajajen 2000 da aka ɗaga adadin na wucin gadi, a nan lissafin ya tsaya har yau, duk da cewa tattalin arzikin da aka yi dokar dominsa ya canza kama. Kowane watan Maris kamfanoni suna shigar da sunayen waɗanda suke so, kuma tun 2020 ta intanet ake yi, a lokacin kan dala 10 kacal kowane suna. A Maris na 2022, shekarar da sunana ya fito, an shigar da rajista 483,927. A shekarar da ta biyo baya adadin ya kai 780,884, saboda wasu kamfanoni suna haɗa baki su shigar da sunan mutum ɗaya ta ƙofofi da yawa, abin da ya sa a 2024 aka koma ƙirga mutum da fasfonsa, ba da yawan rajistarsa ba. Kwamfutar da ta zaɓe ni ba ta san ko na iya aikina ba, haka nan ba ta san ko garin da nake yana bukatar injiniya ba. Izinina na ɗalibi ya ƙare a tsakiyar shekarar, amma a lokacin doka ta bar wanda aka shigar wa da takardun H-1B ya ci gaba da aiki har 1 ga Oktoba, ranar da sabuwar bizar take fara aiki.

Kafin kamfanin ya shigar da takarduna, sai da ya yi wa Ma'aikatar Ƙwadago alkawari a rubuce cewa zai biya ni albashin da aka saba biya a wannan aiki a yankinmu, ko wanda yake biyan sauran ma'aikatansa masu irin matsayina, duk wanda ya fi yawa. Doka ta ce a liƙa sanarwar wannan alkawari a wurin aiki na kwana 10, da albashin a jikinta. Ba a rubuta sunana ba, amma a ofishin da bai wuce mutum 'yan goma-goma ba, kuma baƙo ɗaya ne a cikinsu, babu wanda ya bukaci a gaya masa. Daga ranar ne abokan aikina suka fara yi mini maganar shige da fice a fili.

Wanda ya fi kowa faɗin abin da ke ransa shi ne safiyon kamfanin, dattijo ne da ya kusa ritaya, wanda muke fita auna ƙasa tare. Mahaifinsa yana cikin ma'aikata kusan 5,000 da suka rasa aiki a Satumba na 1977, lokacin da aka sanar da rufe babbar masana'antar ƙarfe ta Youngstown, a nan jihar Ohio, kuma yana da 'yan'uwa a cikin waɗanda rufe masana'antar motoci ta General Motors a Lordstown ya shafa a 2019. Ya ce mini shi ba ya riƙe ni da komai, ya ga aikina kuma ya yaba. Abin da ba ya yarda da shi shi ne duk maganar da ta fara da cewa abu kaza zai amfani tattalin arziki. An gaya musu haka a kan yarjejeniyar ciniki da Meziko da Kanada ta 1994, an sake gaya musu a 2001 da Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, amma tsakanin 2000 da 2010 ayyukan masana'antu a ƙasar suka sauko daga kusan miliyan 17 zuwa ƙasa da miliyan 12, garuruwa irin nasu ne kuma suka ɗauki asarar. Ya kawo mini labarin ma'aikatan kwamfuta kusan 250 da Disney ya sallama a Orlando a 2015, waɗanda aka sa wasunsu suka koya wa masu maye gurbinsu aiki, baƙi masu irin bizata da wani kamfanin kwangila ya kawo. Ban iya musa masa ba, domin abin ya faru.

Shugabar kamfanin tana kallon lamarin ta wata fuska dabam, kuma ita ma da hujjarta. Ta ce yaran da suke gama karatun injiniyanci a jihar suna wucewa Columbus, babban birnin jihar, ko su bar jihar gaba ɗaya, ba su son zama a garin da jama'arsa suke raguwa. A Nuwamba na 2021 aka sa hannu a dokar gyaran kayan more rayuwa, wadda ta ware dala biliyan 15 don cire tsofaffin bututun dalma da ke kai ruwa gidaje, kuma garuruwan yankinmu cike suke da irin waɗannan bututu. Kwangiloli suna nan, amma kamfani ba ya neman kwangilar da ba shi da injiniyan da zai tsara ta. Lissafinta mai sauƙi ne: duk injiniya ɗaya da ta samu, akwai aikin safiyo da na masu zane da na masu haƙa da ke biyo bayansa. A wajenta ni ban zauna a kujerar kowa ba, ƙara kujeru na yi.

A farkon 2023 ta amince kamfanin ya fara nema mini katin zama na dindindin, domin H-1B shekara 6 ce kawai, uku a farko sannan a ƙara uku. Matakin farko shi ne samun shaidar Ma'aikatar Ƙwadago ta tsarin da ake kira PERM. A zamanmu na farko lauyan kamfanin ya gindaya mini sharuɗɗa biyu. Ba zan biya ko sisin kwabo daga kuɗin wannan mataki ba, ko na lauya ko na talla, domin doka ta ɗora wa kamfani ne. Sannan ba ni da hannu a tantance masu neman aikin: ba zan ga takardunsu ba, ba zan zauna a ganawar da za a yi da su ba. Wato za a yi shari'a a kan makomata, ni kuma ba ni da kujera a zauren.

Daga nan aka zauna rubuta bayanin aikin, kuma a nan ne na fara ganin inda tsarin yake da sarƙaƙiya. Ba a yarda a rubuta abin da na iya ba, sai dai mafi ƙarancin abin da aikin yake bukata daga duk wanda zai yi shi. Ƙwarewar da na samu a cikin kamfanin, wadda ita ce ta sa suke son riƙe ni, galibi ba a lissafa ta, domin hujjar gwamnati ita ce idan sun iya koya mini, za su iya koya wa ɗan ƙasa. Na daɗe ina juya wannan hujja, kuma har yanzu ina ganin tana da ƙarfi. Da aka gama rubutun, aka aika wa Ma'aikatar Ƙwadago ta yanke albashin da ya dace da aikin a yankinmu. Amsar kaɗai ta ci kusan rabin shekara.

Sai aka zo talla. Ƙa'idar ta ce a buga aikin a ranakun Lahadi biyu a jaridar da ta fi yaɗuwa a yankin, a sa shi kwana 30 a shafin hukumar samar da ayyuka ta jiha, a liƙa sanarwa a ofis na ranakun aiki 10 tare da albashin da adireshin jami'in gwamnatin da duk mai ƙorafi zai rubuta wa, sannan a zaɓi wasu hanyoyi uku daga cikin goma da aka jera, kamar shafin kamfanin na intanet ko ofishin neman aiki na jami'a ko gidan rediyo. Tsarin ya fara aiki ne a Maris na 2005, kuma ko a lokacin jarida ta riga ta fara rasa matsayinta a wajen masu neman aiki. A yau ban san injiniya ko ɗaya da ke buɗe shafin tallan jaridar Lahadi yana neman aiki ba. Na sayi jaridar, na ga aikina a cikin ƙaramin akwati mai layuka kaɗan, kewaye da wasu tallace-tallace masu irin wannan salo na lauyoyi, waɗanda duk wanda ya san harkar zai gane dalilin buga su.

Abin da ya fi damuna a wannan mataki ba tsoron a samu wani ba ne, ko da yake tsoron yana nan. Wanda ya ga tallan ya aiko da takardunsa bai san akwai mutum zaune a kujerar ba. Idan ya cika sharuɗɗan, ko da ya gaza ni ƙwarewa, maganar ta mutu, domin ma'aunin shi ne cika mafi ƙarancin sharaɗi, ba fin kowa iyawa ba. Amma mutuwar maganar ba ta nufin ya samu aiki. Doka ba ta tilasta wa kamfani ya ɗauke shi ba, ba ta kuma ce a sallame ni ba. Abin da kawai zai faru shi ne kamfanin ba zai iya shigar da takarduna ba, sai ya jira wasu watanni ya sake gwadawa. Shi ya ɓata lokacinsa, ni na koma baya, babu wanda ya ƙaru. Wannan ne ake kira kare ma'aikacin Amurka. Kuma kalmar ma'aikacin Amurka a nan ta haɗa da masu katin zama na dindindin da 'yan gudun hijirar da aka karɓa, ba haifaffun ƙasar kaɗai ba.

Ba abin mamaki ba ne da wasu kamfanoni suka mai da tallan wasan kwaikwayo. A Oktoba na 2021 Facebook ya amince ya biya har dala miliyan 14.25 don sasantawa da Ma'aikatar Shari'a, wadda ta zarge shi da ɓoye irin waɗannan ayyuka daga shafinsa na neman ma'aikata, yana kuma cewa sai ta gidan waya za a aiko da takardun nema. A Nuwamba na 2023, daidai lokacin da ake tallata nawa aikin, Apple ya amince da dala miliyan 25 kan zargi makamancin wannan. Lauyanmu ya ɗauki darasi daga nan, ya sa aka buga aikin a duk inda kamfanin ya saba buga ayyukansa, aka kuma tuntuɓi duk wanda takardunsa suka nuna alamar zai iya cancanta. Abin da aka gaya mini a ƙarshe shi ne mutane kaɗan ne suka nema, kuma babu wanda ya cika sharuɗɗan. Aka jira kwana 30 da doka ta ce a bari bayan talla ko wani zai biyo baya, sannan a farkon 2024 aka shigar da takardun. Ranar da aka shigar da su ita ce ta zama lambata a layin jiran katin.

Jiran amsa ya haura shekara, kuma a cikinsa ne na fahimci abin da safiyonmu yake ji a jikinsa amma yake ɗora wa baƙi laifinsa. Shaidar da ake nema ta aiki ɗaya ce, a kamfani ɗaya, a yanki ɗaya. Idan aka ƙara mini girma zuwa wani aiki da ya sha bamban sosai, sai a sake daga farko. Idan aka mai da ni wani ofishi mai nisa, sai a sake. Idan aka sallame ni, kwana 60 nake da su in samu wani kamfani da zai ɗauki nauyin bizata, ko in tattara kayana. A tsakiyar jiran wani babban kamfani a Columbus ya neme ni da albashin da ya fi nawa nesa ba kusa ba, na ce musu a'a, domin komawa can yana nufin zubar da duk abin da aka yi tun 2023. Ban ma je wa shugabata da maganar don neman ƙari ba, kamar yadda kowane abokin aikina ɗan ƙasa zai yi, saboda mu biyun mun san ba inda zan je. Ita mutuniyar kirki ce, ba ta taɓa amfani da wannan dama a kaina ba, amma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, kuma ba kowane mai kamfani ne yake da halinta ba.

Ra'ayina a kan wannan ya tsaya, kuma daga gogewa na samo shi. Idan akwai inda baƙo mai biza yake danne albashin ɗan ƙasa, ba zuwansa ne ya jawo ba, ɗaurin da aka yi masa ne. Ma'aikacin da ba zai iya tafiya ba, ba zai iya ciniki ba, kuma mai kamfanin da ke da irinsa da yawa ba shi da dalilin ƙara wa kowa albashi. Da na faɗa wa safiyon haka a mota muna dawowa daga aiki, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce idan haka ne to a ba ni katin gobe, ko shugaba ta ji tsoron rasa ni ta buɗe jaka, shi ma ya samu ya lasa. Bai canza ra'ayinsa a kan yawan baƙin da ya kamata a bari su shigo ba, ban kuma sa ran zai canza ba.

Muhawarar da muke yi da shi ce ta sa na koma karanta abin da masana tattalin arziki suka gano, sai na tarar su ma ba bakinsu ɗaya ba. A 1980 'yan Kuba kusan 125,000 suka tsallako ta tashar Mariel, kusan rabinsu suka zauna a Miami, ma'aikatan birnin suka ƙaru da kusan kashi 7 cikin ɗari a 'yan watanni. David Card, wanda daga baya ya samu kyautar Nobel a 2021, ya bincika a 1990 bai ga wata illa ta a zo a gani ga albashin ƙananan ma'aikata ba. George Borjas na jami'ar Harvard ya sake duba lamarin shekaru da yawa bayan haka, ya ware mazan da ba su gama sakandare ba, ya ce albashinsu ya faɗi ƙwarai, wasu masana kuma suka ce mutanen da ya ware sun yi kaɗan a gina hukunci a kansu. Babban rahoton da Cibiyoyin Kimiyya na Ƙasa suka fitar a 2016 ya ce a tsawon lokaci tasirin baƙi a kan albashin 'yan ƙasa gaba ɗaya ƙanƙani ne, inda aka fi ganin illa kuma shi ne a kan baƙin da suka riga zuwa da 'yan ƙasar da ba su gama sakandare ba. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne abin da ya biyo bayan rufe shirin kawo manoman ƙwadago daga Meziko a 1964. An rufe shi ne don albashin ma'aikatan gona 'yan ƙasa ya tashi, amma binciken da Michael Clemens da abokan aikinsa suka yi ya nuna bai tashi saboda haka ba, masu gonakin tumatir injin girbi suka koma wa.

A Yuli na 2024 ofishin kasafin kuɗi na majalisa ya ƙiyasta cewa kwararar baƙi ta 'yan shekarun nan za ta ƙara wa arzikin ƙasar dala tiriliyan 8.9 tsakanin 2024 da 2034, ta kuma rage giɓin kasafin gwamnatin tarayya da kusan dala biliyan 900. Na kai wa safiyon wannan lissafi ina ganin na gama da shi. Ya tambaye ni nawa ne daga cikin tiriliyoyin zai sauka a gundumarsu, kuma wa zai biya kuɗin ƙarin ajujuwa da asibiti kafin ya sauka. Tambayar tana kan hanya, domin harajin da baƙi suke biya ya fi tafiya asusun tarayya, nauyin makaranta da asibiti kuwa a kan jiha da gari yake fara sauka. An ga haka a cikin jiharmu a 2024, a Springfield, inda dubban 'yan Haiti suka cike guraben masana'antun da suka daɗe suna neman ma'aikata, amma haya ta yi tsada, asibitoci da makarantu suka cika. Da maganar ta zama abin yaƙin neman zaɓe, Gwamna Mike DeWine, ɗan jam'iyyar Republican da aka haifa a garin, ya fito ya ce mutanen da izini suke zaune kuma aiki suka zo yi, ya kuma yarda garin yana bukatar taimako. A ganina duka biyun gaskiya ne, kuma 'yan siyasa kaɗan ne suke iya faɗin su a numfashi ɗaya.

Ko bizata kanta ba ta raba mutane bisa layin jam'iyya ba. A ƙarshen Disamba na 2024 rikici ya ɓarke a cikin magoya bayan zaɓaɓɓen Shugaba Trump, attajiri Elon Musk yana kare H-1B da cewa kamfanoni ba za su yi gogayya da duniya ba sai da ita, Steve Bannon, tsohon mai ba Trump shawara, yana cewa a soke ta. Kwanaki kaɗan bayan haka Sanata Bernie Sanders, daga can ɗaya ƙarshen siyasar, ya soki shirin da cewa hanya ce ta maye gurbin ma'aikata masu albashi mai kyau da masu araha. Na karanta su duka, na ga kowannensu yana bayanin wani ɓangare na shirin da yake akwai da gaske, domin biza ɗaya ce take kawo likitan ƙauye da injiniyan ƙaramin gari, ita ce kuma kamfanonin kwangila suke ɗiba da dubbai.

Daga gida ma ban tsira ba. Kawuna ya taɓa ce mini a waya: «Kai ɗan nan, mu a nan muna sayen ruwa a jarka wajen 'yan garuwa, kai kana can kana gyara wa Turawa famfo.» Na ce masa: «Kawu, Allah ya ba ka haƙuri, gaskiya ka faɗa.» Babu wata amsa da ta fi wannan, domin ƙasar da ta fara koya mini aikin ba ta cikin lissafin kowa a muhawarar Amurka. Zuwa gida ma ya zama abin tunani, tunda fita tana nufin komawa ofishin jakadanci neman tambarin biza, kuma daga Yuli na 2025 akasarin bizar da ake ba 'yan Nijeriya ta koma ta shiga sau ɗaya, mai wa'adin wata uku.

Shaidar Ma'aikatar Ƙwadago ta fito a 2025. Mataki na gaba, fom I-140 da ake kai wa hukumar shige da fice ta USCIS, ya zo da sauƙi: kamfanin ya nuna yana da ƙarfin biyan albashin, ni na nuna takardun karatuna, aka biya dala 2,805 na gaggawa, amsa ta zo cikin ranakun aiki 15 da hukumar ta yi alkawari. Amincewar ta ba ni abu biyu. Lambata a layi ta zama tawa ko da na canza kamfani, ko da yake sabon kamfanin sai ya sake tallan daga farko, sannan ana iya tsawaita bizata bayan shekara shidan idan layin bai iso kaina ba.

Layin kuwa doka ce ta 1990 take tafiyar da shi. Katin zama ta hanyar aiki guda 140,000 ne a shekara, mata da 'ya'yan ma'aikaci kuma a cikin wannan adadi ake cire nasu. A ƙa'ida babu ƙasar da ake ba 'yan asalinta fiye da kashi 7 cikin ɗari, ko tana da mutum biliyan ɗaya ko miliyan ɗaya. Wani abokin karatuna ɗan Indiya, wanda ya fi ni ƙoƙari a aji, yana rukuni ɗaya da ni, amma a 2025 layinsu yana kan waɗanda suka shigar da takardu a farkon 2013. Duk ɗaurin da na bayyana a sama, shi zai zauna a cikinsa shekaru masu yawa bayan ni na fita. 'Yan Nijeriya suna cikin layin sauran ƙasashen duniya, wanda a da kusan babu jira a cikinsa, amma a ƙarshen 2022 shi ma ya taru.

A ranar Juma'a 19 ga Satumba 2025 Shugaba Trump ya sa hannu a umarnin da ya ɗora dala 100,000 a kan sababbin takardun H-1B. A daren nan masu bizar da ke waje suka yi ta rububin jiragen dawowa, kafin washegari fadar White House ta bayyana cewa kuɗin bai shafi waɗanda suka riga suka mallaki bizar ba. Ni bai taɓa ni ba. Shugabarmu ta ce kamfani irin namu ba zai taɓa iya biyan wannan kuɗi a kan mutum ɗaya ba, manyan kamfanoni ne kaɗai za su iya, alhali su ne suke da hanyar tura aikin ofisoshinsu na ƙasashen waje idan sun ga ya yi tsada. Bututun dalma na garinmu kuwa ba a iya tura shi ko'ina. Umarnin ya ɗaga kuɗin shigowa, amma bai taɓa ɗaurin da ke kan wanda ya riga ya shigo ba.

Yanzu abin da ya rage mini shi ne fom I-485, wanda ba a shigar da shi sai jadawalin da Ma'aikatar Harkokin Waje take fitarwa kowane wata ya nuna layin ya iso ranar da aka shigar da takarduna. Tare da shi akwai gwajin lafiya wajen likitan da hukumar ta amince da shi, da shaidar allurar rigakafi, da ɗaukar zanen yatsu, wani lokaci har da ganawa da jami'i. Idan fom ɗin ya yi kwana 180 a hannunsu ba su yanke hukunci ba, wata doka ta 2000 ta ba ni damar komawa wani kamfani, muddin aikin iri ɗaya ne ko makamancinsa, ba tare da an sake tallata komai ba.